Garkar Duwatsu a Gidan Gangare

Gidanmu yana can ƙarshen Gure, inda gari ya ƙare dutse ya fara. Ba wanda ya zaɓe shi. Yayyen maigidana sun riga sun kama duk filin da ke kwance, shi da yake auta aka nuna masa gefen tudu aka ce ya kafa. Ya kafa ɗaki biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Inna uwarsa, ya zagaye da darni. Tsakar gidan kuwa tun daga bakin ƙofata ta sunkuya ta nufi gabas har ta kai darnin ƙasa. Bayan darnin nan akwai kwazazzabo da ruwan damina ya ƙwaƙule, zurfinsa ya fi tsayin namiji, ƙasansa duk duwatsu.

Komai a gidan nan tafiya yake yi. Ka ajiye ƙwarya, ka juya ka ɗauko ludayi, ta kama hanya. Turmi sai an yi masa waigi da dutse. Miya a tukunya gefe guda take taruwa. Kazarmu ta taɓa yin ƙwai a bakin murhu, ta tashi tana kyarkyara, ta waiga ba ƙwai, ta yi shiru don kunya. Salla ma da dabara ake yin ta, tun da gabas ita ce gangaren. Inna takan ce sujada a gidan auta ba wuya, ɗagowar ce aiki.

Duk wannan abin dariya ne har ranar da yarinyar ta fara tafiya.

Ita ce haihuwata ta fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban suruka. In ya faɗi sai ki kau da kai, wani ya ɗauka. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka ni ma na yi. "Wannan" nake ce mata, ko "yarinyar Inna". Maigidana ma haka, don shi ma ta farinsa ce.

To yarinyar ba ta koyi tafiya ba, gudu ta koya, don ƙasar ba ta yarda da tafiya. Da ta saki bakin ƙofa sai ƙafafunta su kwashe ta, hannuwa sama, baki buɗe, ba ta tsayawa sai ta daki darni. Darnin kuwa awaki sun riga sun huda shi wuri uku. Wata hantsi ina tankaɗe na ɗaga ido, na hango ta ta zura kai da kafaɗa ɗaya a cikin huji, tana leƙen kwazazzabo tana ɓaɓɓaka dariya. Ban san yadda na isa ba. Na san dai garin da nake tankaɗewa ya riga ni isa.

Daga ranar na mai da ta baya. Daka da ita, tuƙi da ita, wanki da ita, tana dukana da ƙafa tana jan kitsona. Bayana ya yi ƙuraje saboda zufa. Na gwada ɗaure ta da majanyi a jikin turken ɗaki, Inna ta fito ta gani ta ce, "Ke, akuya muka saya ban sani ba?" Na kwance. Na toshe hujin darni da ƙaya, awaki suka buɗe sabo. Ko barcin rana na kwanta, da na rufe ido sai in ga ƴan ƙafafun nan suna gudu.

Abin da nake so ba shi da yawa: wuri kwance, ko da faɗin tabarma huɗu, da abin da zai tare ta a ƙarshensa. Amma ta yaya zan faɗa? Wata yamma maigidana yana cin tuwo, Inna na gefe tana kaɗi, na durƙusa na ce, "Malam, abubuwa na gangarawa a gidan nan."

Ya ce, "Wane abu?"

"Abubuwa dai. Ƙore. Tulu." Na rage murya. "Har da masu ƙafa."

"Kaji?"

Na kau da kai. Ya daɗe yana kallon ƙasan gidan, lomarsa a hannu. Sa'an nan ya ce, "Na ji. Zan yi garka."

Na ce a raina na shiga uku.

Sai in faɗi aikinsa, don daga can abin ya fito. Ban ruwa yake yi a garkar bariki. An ɗauke shi aikin hanya ne da farko, aka ga yana da kafaɗa, aka bar shi a gidan kwamandan, babban Nasaran bariki. Tun safe yana hawa da garwa biyu a sanda daga rijiyar kwari, yana zubawa a gindin furannin da ba a miya da su, ba a magani da su, jaki ma ya shinshina ya wuce. Kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Sai aka kawo wani sabon Nasara, saurayi siriri mai yawan atishawa, da wani littafi mai zane-zane. Shi ne ya sa tafinta ya gaya wa ma'aikata cewa a ƙasarsu yanzu an daina irin wannan garka. Garkar zamani miƙaƙƙun layuka ce, da dutse, da tsakuwa, da ƴan tsire-tsire kaɗan masu kula da kansu. Matar kwamandan ba ta yarda an taɓa furanninta ba, maganar ta mutu a bariki. A kan maigidana ne kaɗai ta tsira. Mutumin da ya shekara uku yana hawan tudu da ruwa, aka nuna masa garkar da ba a ba ta ruwa, ai ko aljanna aka nuna masa sai haka.

Washegari ya share ƙasa a ƙofar ɗakin Inna, ya tsuguna yana zane da tsinke kamar mai duba. Ya ce sharuɗɗan garkarsa uku ne: ba ban ruwa, ba noma, akuya ba ta ci.

Inna ta ce, "Mu fa, me za mu ci a ciki?"

"Ba a ci, Inna."

"Jiƙawa ake a sha?"

"Ba magani ba ce."

"To me ake yi da ita?"

"Kallo."

Inna ta ajiye mazari. Ta nuna dutsen da ke bayan gidanmu da haɓa ta ce, "Auta, ga wancan tun kafin a haife ka yake nan, ba a ba shi ruwa, ba a nome shi, akuya ba ta cinye shi ba. Ka taɓa ganin na zauna ina kallonsa?"

Bai kula ba. Ya zana mana fangali shida, a gicciye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya har zuwa darni, don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Kowanne za a kewaye shi da dutse, a tara ƙasa a tsakiya, a dasa aguwa da kabar giwa. Aguwa, in ji shi, ko a kan dutse ka jefar da reshenta sai ta kama. Zai fara da ƙarami guda a gefen ɗakina, na gwaji. Na dubi zanen, na nemi wurin da za a ajiye yarinya, ban gani ba. Na ga dai an ƙara mata duwatsun da za ta fasa baki a kai, da aguwa mai farin ruwa da za ta shafa a ido.

Ana cikin haka lokacin yaye ya yi. Ranar Lahadi da asuba Inna ta goya ta, ta kama hanyar ƙauyenmu, tafiyar rabin yini ta wajen Gamu, za ta kai ta wurin uwata ta kwana biyu ta manta da nono. Ban raka su ba, ban ko fito ba. Ta kafar zana na leƙa har suka sha kwana. Kafin azahar nonona ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni. Na zauna a bakin ƙofa, lulluɓe da zane, ina hawaye, rabi don ciwo, rabin kuma ban da damar faɗin dalilinsa.

Lahadi ba aiki a bariki. Ranar ce maigidana ya ga ta dace da gwaji.

Ni ban ga aikin ba, yana gefen ɗaki, ni kuma kaina ba ya ɗaguwa. Daga baya aka ba ni labari dalla-dalla, don akwai wadda ta gani. Gidan da ke sama da namu na wata tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli, muna ce mata Iya. Daga inda take suya tana ganin tsakar gidanmu kamar tafin hannunta. Ga abin da Iya ta gani. Ta ga maigidana ya karyo kara ya gwada ƙasa da shi, tsawon kamu biyu da ɗan ƙari. Ta ga ya haƙa, kudu da arewa. Ta ga ya mayar da ƙasa ya tara ta ta yi tozo, ya jera duwatsu kewaye. Ya fasa tsohuwar tukunya ya rufa tsingaron a sama, wai don laima ta daɗe. Ya kafa reshen aguwa ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Ya yayyafa ruwa buta guda, wanda a wurinsa shi ne na farko kuma na ƙarshe. Ya jawo ƙaya ya lulluɓe saboda awaki. Sa'an nan ya ja da baya ya tsaya, hannuwa a buɗe, ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai. Ta kuma ga ni a bakin ƙofa ina share hawaye, bayana ba goyo.

Ranar Litinin da hantsi, ya tafi aiki, na ji sallama. Iya ce, da mata biyu a bayanta, kowace da ƙwaryar gero. Suka zauna ba hayaniya. Muka gaisa. Iya ta ce, "Ƴar nan, ashe haka Allah ya yi? Ko ku aiko. Muna nan sama da ku kamar ba mutane ba."

Na ɗauka yayen take nufi. Na ce, "Da asuba ne, Iya, ba a so a ta da kowa."

"Ayya. Ina Innar taku?"

"Ta tafi ƙauyenmu."

"Dole, dole. Su ma ai sai an je musu." Ta share ido da bakin zane. "To sai haƙuri. Allah ya sa mai ceto ce."

Wannan addu'a ba a yi wa yaron da aka yaye ita. Na san wa ake yi wa. Kunnuwana suka toshe. Abin da ya zo mini shi ne wani ya taho daga hanyar Gamu da safe, ya tsaya a rijiya ya faɗa, duk gari ya ji, ni kaɗai aka bari sai an taru. Na ga maciji a hanya. Na ga rijiyar ƙauyenmu da ba ta da baki. Na ga ƙwallon magarya a maƙogwaro. Na ga raƙumi ya yi shuri. Duk na gan su a lokaci guda, kowanne da ita a ciki.

Bakina ya ce, "Amin."

Abin da ya ce ke nan. Ba ta yiwuwa in tambaya. Uwar ɗan fari ba ta cewa yaya aka yi, ba ta kururuwa, ko gawar aka shigo da ita gabanta sai ta sunkuyar da kai. Na sunkuyar. Ina jin wata tana raɗa wa wata, "Kun ga ƴar mutunci? Ko uffan." Ɗayar ta ce, "Gidansu haka suke, na san kakarta."

Kafin rana ta take tsaka gidan ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an jiƙa gero, ana dakan gumbar sadaka. Baƙi ba su san halin gidan ba. Wata ta cire waigin turmi don ta gyara masa zama, turmi ya kwanta ya tafi, mata uku suka bi shi. Masu zaman makoki kuwa a hankali tabarma take tafiya da su. Wadda ta zauna kusa da ni tana ba ni haƙuri, in an jima sai in ji muryarta ta yi nisa, wata sabuwa ta maye wurin. Can ƙasa jikin darni tsofaffi suka taru, sun cushe kamar an share su. Ina ganin duk wannan, ina lura da shi ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta zo da ɗan kunne guda. Ban san me ya sa ido ba ya barin aikinsa ba ko zuciya ta tsaya.

Bayan azahar liman ya iso da maza huɗu. Tsoho ne gajere mai saurin fushi, tun daga ƙofa ake jin sa. "Wa ya yi mata salla? A unguwar nan akwai wani liman ban sani ba? Aikin bariki ya sa mutum ya haƙa ya binne shi kaɗai kamar mai ɓoye kuɗi?" Iya ta ce ya yi haƙuri, yaro ne, ruɗewa ce. Liman ya ce a nuna masa wurin.

Wurin? Na ɗaga kai. Na ga ba hanyar Gamu suka nufa ba, gefen ɗakina suka zagaya. Na tashi na bi bango na leƙa.

Na taɓa ganin irinsa sau ɗaya, a bayan ɗakin gwaggona, inda aka sa jaririnta. Ba abin da ya bambanta su, sai dai na maigidana ya fi kyau. Liman ya zagaya shi, ya dubi rana, ya ce, "To, alƙibla dai ya daidaita ta, ba laifi." Suka tsuguna suka ɗaga hannu.

Na fito fili na ce, "Allah gafarta Malam, garka ce."

Ba wanda ya waiga. Na ƙara da ƙarfi, "Garka ce! Ta kallo!"

Mata suka taso suka riƙe ni. Iya ta rungume kaina tana cewa, "Ga shi nan, ya fito. Na san shirun nan ba na lafiya ba ne. A kawo ruwa a shafa mata." Aka zaunar da ni, aka tofa mini addu'a a ka. Ni kuwa a lokacin ban san me na gaskata ba. Na gane garkar ce ta tara su, amma mutum talatin sun yini suna gaya mini ta mutu, jikina ya riga ya karɓa. Kuma ko ƙarya ne, an yi wa yarinya mai rai zaman makoki, an daka mata gumba, liman ya yi mata addu'a. Wa ya san abin da irin wannan ke jawowa?

Sai ga maigidana, sanda a kafaɗa, garwa biyu suna lilo. Ya tsaya a ƙofa ya ga taro. Ya ga maza sun kewaye aikinsa sun yi tsit. Fuskarsa ta washe, tun ranar aurenmu ban ga haƙoransa haka ba. Ya ajiye garwa ya ratsa mutane yana cewa, "Kun gani ko? Jiya-jiya na yi ta, ni kaɗai! Ba ta son ruwa, ba ta son komai, an gama da ita ke nan har abada."

Liman ya ce, "Inna lillahi."

"Wannan ai ƙarama ce, Malam, gwaji ce. In ta zauna da kyau guda shida zan jera har ƙasa."

"Shida?"

"Manyan na nan tafe. Ta Inna a can ƙofar ɗakinta za ta kasance, inda take son zama."

Wani daga cikin mazan ya ja da baya, gangare ya karɓe shi, sai da ya dangana da tsofaffin jikin darni. Aka yi ta magana a lokaci guda. Da maigidana ya gane abin da ake nufi, sai ya dubi garkar, ya karkata kai, ya sake dubawa. Na ga lokacin da zanen littafin ya fita daga idonsa, abin da ke gabansa ya shiga. Ya ce a hankali, "Kai." Ya ɗauko galma zai tone ya nuna musu ba komai a ciki. Liman ya tare shi da sanda ya ce ba mai tone kabari a gabansa. Maigidana ya ce ba kabari ba ne. Liman ya ce to a kawo yarinyar. Maigidana ya ce tana ƙauye. Liman ya ce haka kowa zai ce. Suka tsaya nan, galma sama, sanda a gicciye.

A haka Inna ta same mu, ƙafafunta fari fat da tafiya, da ɗan ƙunshin kuka a ka.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na fizge daga hannun Iya, na tsallake tabarmi, na kama Inna a kafaɗa biyu, surukata, a gaban liman, a gaban maza, na ce, "Ina ɗiyata? Inna, ɗiyata tana da rai?" Na kira sunanta. Sau biyu na kira shi. Ban taɓa jin sa a bakina ba, ya fito da ƙarfi har dutse ya amsa.

Inna ta dube ni, ta dubi taron, ta dubi tozon ƙasa da aguwa a kai. Ta ce, "Na baro ta tana cin ɗanwake da hannu biyu. Ta ciji uwarki a yatsa. Wa ya mutu?"

Da na tsaya nan, da an ce ruɗewa ce an yafe. Ban tsaya ba. Tun da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na juya wajen maigidana na ce ni ba ƙwarya ta dame ni ba, ba tulu ba, ba kaza ba. Ɗiyata ce za ta faɗa kwazazzabo. Wata biyar ina ɗauke da ita kamar tulu, ban yi barci ba, ban ci abinci a zaune ba. Wuri kwance nake so, da katanga a bakinsa, in ajiye ta in juya baya. Ban da wannan ba na son kallon komai.

Wata a cikin mata ta ce, "Oh oh, ƴaƴan yanzu." Waɗanda suka yabi gidanmu da safe suka fara tuna wata gwaggona da ita ma ba ta da ta ido. Maigidana kuwa kansa a ƙasa, yana murza ƙotar galma. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, darni yake kallo, "Ai shi ya sa na ce shida. Duk abin da ya gangaro, in ya wuce ta farko, ta biyu ta tare shi." Ya ƙara da cewa, "Abu mai ƙafa."

Inna ta sauke ƙunshinta. Ta ce, "Rashin kunya dai an yi shi, kowa ya ji, ba a mayar da shi ciki. Amma ni ma gwiwata ta gaji da gidan nan. Ga maza har biyar sun zo binne mutum ba su samu ba, ga gumba an daka. Malam, a tashi haka?"

Liman ya ce shi dai kafin komai a tone wancan, yanzu ya halatta. Aka tone. Ba komai sai ƙasa da wata tsohuwar ƙafar kaza. Daga nan ya karɓe aikin gaba ɗaya, kamar da ma shi ya kawo littafin. Ya ce a kwantar da garkar gabas da yamma don kada a sake ruɗa Musulmi. Maigidana ya ce in aka yi haka ta bi gangare, ruwan farko zai tafi da ita. Aka yi ta ja. A ƙarshe liman ya yanke cewa tun da dole sai kudu da arewa, to a yi ta guda ɗaya, doguwa daga darni zuwa darni, tsawon da ba ɗan Adam ɗin da zai cika shi. Ba tozo, ba tsingaro, ba ƙaya a sama. Aguwa kuma a fitar da ita bayan katanga, wajen kwazazzabo, ta yi wa awaki wa'azi.

Ba a gama ranar ba. Kwana biyar suna zuwa bayan la'asar, ina jin kunyar abin da suka yi ce take kawo su. Suka ɗebo duwatsu daga tudu suka gina katanga a tsakiyar gangaren, suka sare ƙasar sama suka cika bayanta, suka daddaɓe, suka bar bakin katangar ya ɗago kamar zuwa gwiwar babba. Liman yana zaune a kan turmi yana nuni da sanda. Iya tana ba da umarni daga gidanta ba tare da ta sauko ba. Maigidana ya yi ta gunaguni wai wannan ba garka ba ce, dandali ne, ba haka take a littafi ba. Don ya huce ya kawo farar tsakuwa ya zuba layi guda miƙaƙƙe a gindin katanga, ya dasa kabar giwa uku a kusurwa, tazararsu daidai. Tsakuwar na kwashe ta washegari, don na san bakin da za ta shiga. Kabar giwar na bar masa. Ba a taɓa ba ta ruwa ba, ba ta kuma mutu ba, yakan tsaya ya nuna wa baƙi.

A rijiya an daɗe ana yi da ni. In na iso sai wata ta ce, "Ku matsa, ga mai ɗiya." Na saba.

Ranar da Inna ta je ta ɗauko yarinyar, na share filin sau uku. Ta dawo ta rame kaɗan, ta yi baƙi, tana fushi da ni. Na miƙa hannu ta kau da kai ta cusa fuska a wuyan Inna. Inna ta sauke ta a bakin ƙofata. Ta tsaya tana duban gidan. Sai ta ɗaga hannuwa sama yadda ta saba, ta jingina da baya tana jiran ƙasa ta kwashe ta. Ƙasa ba ta kwashe ta ba, ta faɗi zaune daɓas. Ta tashi ta sake gwadawa, ta sake zama. Ta dubi ƙafafunta da mamaki. A karo na uku ta ɗaga ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗayar, tana tangaɗi kamar ɗan maraƙi, har ta kai katanga. Katangar ta tsaya mata a ƙirji. Ta dafa ta, ta tura, ta dake ta da tafi, ta yi mata tsawa. Sa'an nan ta juya ta zauna a gindinta ta fara tara ƙasa a cinya.

Inna ta ce, "Ke, tuwon fa?"

Na juya baya na hura wuta. Na waiga sau biyu kafin ruwa ya tafasa. Tana nan.